Ƙafar Tashoya a Zauren Iyaye

Yayata Novlette ce ta jefa ni cikin zauren, ko shawara ba ta yi da ni ba. Lokacin ban daɗe da dawowa daga Kanada ba, inda na yi karatun haɗa magunguna, na kama aiki a wani kemis da ke bakin kasuwar garinmu. Wata safiya wayata ta hau ɓari a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Na ciro na duba. Zauren WhatsApp ne mai suna "Iyayen Zakaru", na iyayen yaran da ke gudu da tsalle a sakandaren garin.

Da rana na leƙa shagonta na kitso. Na ce, "Yaya, ni ba ni da ɗa a makarantar nan."

"Tashoya 'yar wa ce?" Ko ɗagowa ba ta yi ba daga kan da take kitsawa. "Ko sanyin can ya daskarar maka da zumunci, Ɗan Kanada?"

Matan shagon suka kwashe da dariya. Sunana Everald, amma tun da na sauka daga jirgi ba wanda ya sake kira na da shi.

Tashoya ita kaɗai Novlette ta haifa. Shekararta sha shida, mita ɗari biyu take gudu. Duk shekara mukan je babbar gasar makarantu a Kingston, babban birnin ƙasarmu, duk shekara kuma mukan dawo da kunya da gajiyar mota. Bana gari ya ga yarinya mai ƙafa, sai kowa ya zama mai ita. Mai doya a kasuwa ya ce doyarsa ce. Fasto ya ce addu'a ce. Direbobin tasi suka ce gadon kakanta ne, wato ubanmu, mutumin da ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai in an ce ga 'yan sanda.

Wanda ya yi aikin kuwa mai horar da yaran ne, Koci Bygrave. Dattijo ne gajere, ya haura sittin, bakinsa ba linzami. A bargar dawakin sukuwa ya tashi, can ubansa ya yi aiki har ya mutu. Ba na son mutumin. Ina ɗalibi ya taɓa ce mini, a gaban 'yan mata, ina gudu kamar mai ɗauke da firji a ka. Yaransa ba mai suna a bakinsa: wannan Buhun Siminti, wancan Gwangwani. Tashoya ita ce Kunkuru.

Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne tashi. A ƙa'idar gudu, wanda ya zabura kafin a harba bindiga jan kati ne, ya fita, ba a ba shi dama ta biyu. Shi ya sa Koci kan durƙusar da yara a bakin layi, ya riƙe katako biyu a hannu, ya ƙi haɗa su har hannayen yaran su hau rawa. Duk wanda ya motsa kafin katako ya yi ƙara, gida zai tafi ranar. Ba a taɓa kora Tashoya gida ba. Ko ƙuda ya sauka a hancinta ba ta motsi.

Ana saura 'yan makonni a tafi Kingston, a wata ƙaramar gasa ta ranar Asabar, ta ci gudunta, ta tsallake layi, sai ta dafe bayan cinyarta ta dama. Likita ya duba ya ce tsoka ce ta ɗan tsage, a huta. Koci ya ce bana ba Kingston. Bai yi wa kowa dogon bayani ba, ba halinsa ba ne. Ya cire ta daga fili, ya koma kai ta bakin teku da sassafe, bayan kwalekwalen masunta, tana takawa a hankali cikin ruwa iya ƙugu, ta je ta dawo. Haka ake yi wa dokin da ya ji ciwo a ƙafa. Matarsa, Mis Pearline, kan zauna a kan yashi da tawul da fulas ɗin shayi, in an gama ita ke raka yarinyar gida. Nakan gan su idan zan wuce buɗe kemis.

Novlette ta kawo mini yarinyar wurin aiki.

"Ba ta maganin kashe zafi. Mai ƙarfi, irin na can."

Na danna bayan cinyar da yatsa biyu. Tashoya ta cije leɓe.

Na ce, "Magani zai ɓoye zafin ne kawai, ba zai ɗinke tsoka ba. In ta buɗe ƙafa a kan wannan ciwon, sauran ma yagewa za ta yi. Ƙila gudu ya ƙare ke nan."

"Ƙila," in ji Novlette.

"Ƙila."

"To, ƙila kuma ba za ta yage ba."

"Yaya, akwai baɗi."

"Baɗi! Bana ne sunanta ke bakin mutane. Bana ne masu ɗibar yara na jami'o'in Amurka za su zauna a filin can suna neman ta da ido. Kai da takarda ka fita, Ɗan Kanada. Ita da ƙafa za ta fita. Ko so kake ta gaji shagon kitso, ta yi ta tsayuwa a kan kawunan mutane har ƙafafunta su kumbura irin nawa?"

Ban ba da maganin ba. Ta saya a wani wuri.

Dikin Pinnock ne ya kunna wutar. Dikin ne, wato mai taimaka wa fasto, a cocin su Novlette, tayoyi yake sayarwa, ɗansa na jifan dalma amma dalmar ba ta taɓa yin nisa ba. Kullum labarinsa shi ne a zamaninsa ko ƙurarsa ba a gani. Ba wanda ya tuna da zamanin. Wata safiya ya laɓe bayan kwalekwale ya ɗauki bidiyo, ya watsa a zaure, ya rubuta a ƙasa: "Ga atisayen zakararmu. Sauran makarantu na fili, mu muna wanka."

Kafin in gama karin kumallo saƙonni sun fi ƙarfin karatu.

"Ya mai da 'yar mutane goɗiya. Gobe ciyawa zai ba ta."

"Tsohon nan ya ƙare tun tuni. Kunyar furfura ce kawai ake ji."

"Ni a zamaninmu, in ƙafa ta yi ciwo, barasar rake a shafa, a koma fili." Wannan Dikin ne.

"Ruwa ba ya tsami banza. Wata makarantar Kingston ce ta saye Koci, don kada 'yarmu ta ba su kunya."

Mai wannan maganar bai kawo hujja ba, ba a kuma tambaye shi ba. Da azahar ta zama abin da kowa ya sani. Wata mata da ke sayen maganin hawan jini a wurina ta faɗa mini har sunan makarantar, tana rantsuwa.

Shugabar zauren ita ce Mis Icilda, tsohuwar ɗaliba da ke zaune a Brooklyn, can Amurka. Ta daɗe ba ta taka garin nan ba, amma duk shekara takan aiko da durom cike da takalman gudu, don haka maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Ba ta rubutu, saƙon murya take yi, doguwa, kana jin ƙarar jirgin ƙasa a bayanta. Washegari ta aiko ɗaya.

"'Yan'uwana, ni dai ba na son gulma, Ubangiji na gani. Amma ku iyaye mata ku tambayi kanku. Me tsoho yake yi da budurwa a cikin ruwa da sassafe, ba kowa a wurin? Ban ce komai ba fa. Tambaya na yi."

Na sake kallon bidiyon. Ga Tashoya a ruwa, ga Koci tsaye a gefenta iya gwiwa. Babu Mis Pearline. Dikin ya karkata wayar yadda ko gefen tawul ɗinta bai fito ba.

Sau ɗaya na yi rubutu a zauren nan. Na ce: "Matarsa na wurin kullum, da idona nake ganinta. Tsokar yarinyar ta tsage, likita ya faɗa. In ta yi gudu za ta nakasa."

"Ɗan Kanada ya yi magana, a tafa masa."

"Ɗan'uwa, a can ba kan ƙanƙara kuke zamewa ba? Me ka sani a gudu?"

"Ba shi ne mai firji ba? Ajinmu ɗaya, na tuna!"

Aka cika shafin da fuskokin dariya. Wani ya nemo hoton firji ya saka.

Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Novlette. A ƙarƙashin saƙon Mis Icilda ta saka alamar hannaye biyu na addu'a, shi ke nan. Na same ta tana share gashi a shago.

"Yaya, kin san ƙarya ce. Mis Pearline ce ke kawo miki yarinyar har ƙofa."

"Ni na faɗa? Ka ji daga bakina?"

"Sunan 'yarki ne a ciki."

"Sunansa ne a ciki." Ta ci gaba da shara. "In dai wannan zai sa a ɗauke shi daga hanya, su faɗa. Bayan Kingston kowa zai manta. Matsa, kana taka mini gashi."

Ranar Litinin suka taru a ƙofar makaranta da murafen tukwane, waɗanda muke kaɗawa idan ɗan ƙasa ya ci zinare. Tun daga kemis nake jin ƙarar. Shugabar makarantar mace ce mai tsoron waya fiye da tsoron Allah. Kafin a tashi ta dakatar da Koci, wai har a gama bincike, ta ɗora Mista Kerr, wani matashin malamin motsa jiki da ko gemu bai gama fito masa ba. Abin da ya fara yi shi ne shiga zaure ya gai da iyaye. Na biyu, ya mai da sunan Tashoya cikin masu zuwa Kingston.

Na je gidan Koci da yamma. Mis Pearline ta buɗe mini ƙofa ba ta amsa gaisuwata ba. Wayar mijinta mai maɓallai ce, ba ta shiga zaure, amma ita an karanta mata komai, har ta daina zuwa kasuwa. Shi na same shi a bayan gida yana gyaran kifi a kan kututture.

"Mai Firji," in ji shi. "Ka zo kallon mai lalata 'yan mata?"

"Na zo ne ka yi wa Novlette magana, Koci. Ka zaunar da ita ka yi mata bayani yadda za ta gane."

"Bayani." Ya tsaga cikin kifi. "Tun kafin a haife ka nake riga zakara tashi saboda 'ya'yan mutane. Yanzu sai in je shagon kitso in durƙusa in ce ban taɓa 'yarta ba?"

"Maganar ƙafar nake yi."

"Ƙafa ba ta karanta waya. Su rubuta abin da suke so. In ta shiga kwanar fili da ƙarfi, nan za ta yage. Na ga dawakai sun yi haka, na ga yara sun yi."

"To ka faɗa wa uwarta."

"Na faɗa wa mai ƙafar. Ita za ta ɗingisa, ba su ba." Ya jefa wa kyanwa hanjin kifi. "Ka gai da yayarka. Ka ce matata na tambaya yaushe za a dawo mata da tawul ɗinta."

Taurin kai kamar jaki. Na fito ina jin haushinsa shi ma.

Ranar Lahadi aka kira Tashoya gaban coci. Ba na zuwa, a zaure na gani. Dikin Pinnock ya tsiyaya man zaitun a tafin hannu, ya durƙusa, ya shafe mata bayan cinya tun daga gwiwa har sama, yana daka wa ciwon tsawa da sunan Yesu. Jama'a na ihu suna ɗaga hannu. Yarinyar na tsaye, idonta a kan silin. Aka jera "Amin" har na gaji da gangarawa. Ba wanda ya tambayi me hannun dattijo yake yi a cinyar budurwa.

Ana jibi tafiya ta shigo kemis ita kaɗai, da kayan makaranta. Ta zauna a kan kujerar masu gwajin hawan jini tana juya jakarta.

"Kawu, in ta yage, ana ɗinkewa?"

"Ana ɗinkewa. Amma ba ta komawa yadda take."

"Mista Kerr ya ce in sha magani in manta da ita."

"Ke me ƙafar take faɗa miki?"

"In ina tafiya lafiya lau. In na ɗan buɗe, kamar an ja roba har ƙarshe."

"To ki faɗa wa uwarki."

"Na faɗa. Ta ce tsoro ne, kuma an riga an yi addu'a a kan tsoro." Ta ɗan yi dariya. "An buga riguna da fuskata, Kawu. Ka gani? Sun yi mini hanci kamar barkono."

"In kin ce ba za ki je ba, zan tsaya miki."

"Kai? Kai da aka saka wa hoton firji?" Ta miƙe. "Ina karantawa a wayar Mama in tana wanka. Duk na karanta. Har na teku."

Ta ɗauki alewar tari ɗaya a kan kanta, ta fita.

Ni na tuƙa Novlette zuwa Kingston, murfin tukunya a kan cinyarta, rigar mai hancin barkono a jikinta. Mutanen gari suka biyo a bas biyu, Dikin a gaba da ƙaho. Filin ya cika maƙil, rana na dukan ƙeya, ƙarar ƙahoni da murafe ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka zauna wuri ɗaya. Dikin ya ɗaga waya yana nuna wa zaure kai tsaye, don Mis Icilda da sauran na ƙetare kada a bar su a baya.

Aka kira zagayen farko na 'yan mata, mita ɗari biyu. Tashoya ta fito da bandeji a cinya. Mutanenmu suka miƙe suna kiran sunanta. Ba ta waiwayo ba. Ta je layinta a bakin kwana, ta gyara madogarar ƙafa, ta durƙusa. Fili ya yi tsit. Aka ce a shirya. Yara takwas suka ɗaga ƙugu.

Ba a harba bindiga ba Tashoya ta tashi.

Ba firgita ba ce irin ta yaron da hannu ya ci amanarsa. Miƙewa ta yi, ta yi 'yan taku da sassarfa, ta tsaya. Bindiga ta tashi sau biyu a bayanta. Filin ya ɗauki wani dogon "Aaah". Alƙali ya tako da farar riga, ya tsaya a gabanta, ya ɗaga jan kati. Ta gyaɗa kai, ta juya, ta fita da tafiyarta a hankali, irin ta cikin ruwa.

Murfin tukunyar ya zame daga hannun Novlette ya gangara ƙarƙashin kujeru.

"Yesu! Me ta yi? Everald, me ta yi?"

Rabona da in ji sunana a bakinta har na manta. Na san yarinyar da ƙuda ba ya motsa ta ba kuskure ta yi ba.

Dikin bai kashe wayarsa ba. Ya juya ta ga fuskarsa yana cewa, "Kun gani? Kun gani da idonku? Kunya! Abin kunya a gaban ƙasa!"

Ba a kai ga harba bindigar sauran yaran ba wayoyinmu suka hau ɓari. Mutanen da ke zaune a bayanmu da gefenmu, sanye da fuskar yarinyar a ƙirji, kawunansu a sunkuye, yatsu na aiki. Ba wanda ya kalli Novlette. Rubutu suke yi. Ta ciro tata wayar. Ina gani ta gefen ido.

"Matsoraciya. Dama na faɗa kanta ya kumbura."

"Mun bar sana'armu mun zo kallon wannan?"

"Tarbiyya ce babu. 'Yar da ba uba a gida, me kuke jira?"

"Uwar ma bakinta ya fi aikinta."

Sai saƙon murya daga Brooklyn. Novlette ta kara wayar a kunne, amma da ƙarfi take, na ji.

"'Yan'uwana, ni ban ce komai ba. Amma na kalli yarinyar nan da kyau a bidiyo. Ku mata kun san abin da ke sa budurwa ta ƙi gudu. Ku duba ƙugunta. Wankan tekun nan dai, hmm. Mu sa ta a addu'a."

Hannayen addu'a suka fara jeruwa a ƙasa.

Novlette ta danna wurin ɗaukar murya. "Icilda, ke tsohuwar kilaki, 'yata kike wa wannan ƙazafin? Pearline na wurin kullum, ita ke kawo mini ita gida, tawul ɗinta na ɗakina yanzu haka! Dikin ya sani! Kowa ya sani!"

Ta saki yatsa. Saƙon bai tafi ba. A ƙasan shafin an rubuta cewa Mis Icilda ta cire ta daga zaure.

Ta miƙe ta juya ga na bayanmu. Dikin ya duƙa yana neman wani abu a jakarsa. Matar da ke sayen maganin hawan jini a wurina ta ɗaga kai tana kallon masu tsallen sanda kamar tun haihuwa shi take sha'awa. Na kama hannun yayata na ja ta waje.

Mun sami Tashoya a bayan fili, zaune a kan dakali kusa da motata, ta cire takalman ƙusa, tana cin fanken nama daga takarda. Mista Kerr na tsaye nesa da ita yana ta danna waya, gumi na zuba.

Novlette ta tsaya a kanta.

"Da gangan na yi, Mama," in ji Tashoya, bakinta da abinci. "Na ce miki tana ciwo."

Na zaci mari zai biyo baya. Novlette ta daɗe tana kallon bandejin. Sai ta cire rigar mai fuska ta kai, ta rage daga ita sai shimi a tsakiyar mutane, ta dunƙule rigar ta cusa a kwandon shara.

"Shiga mota," in ji ta.

A hanyarmu ta gida sau ɗaya muka tsaya, da Tashoya ta ce za ta sayi ruwan kwakwa.

Ba a mai da Koci bakin aiki ba. Binciken bai gano komai ba, amma shugabar makaranta ta ce hankalin iyaye bai kwanta ba, shekarunsa ma sun kai na hutu. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Ba wanda ya goge saƙo ko ɗaya. Wasu matan suka ɗauke kawunansu daga shagon Novlette. Masu ɗibar yara na Amurka sun ɗebi na wasu. Ni har yanzu ina zauren, an manta a cire ni. Naman Mista Kerr suke ci yanzu.

Bayan mako guda da dawowarmu na bi ta bakin teku zan je buɗe kemis. Tashoya na cikin ruwa iya ƙugu, tana zuwa tana dawowa. Koci na zaune a kan kifaffen kwalekwale, ba aiki ba muƙami, yana daka tsawa.

"A hankali, Kunkuru! Wa ke korar ki? Ɗaga gwiwa, ba buhun siminti kike ja ba!"

Mis Pearline na kan yashi da fulas ɗinta. Can gefe, da ɗan tazara tsakaninsu, Novlette ce tsaye da tawul a ninke a hannu. Matan biyu ba sa magana.

Sai na hango kai ya leƙo daga bayan wani kwalekwale, da waya a ɗage. Novlette ma ta gani. Ba ta yi ihu ba. Ta taka ta tsaya tsakanin wayar da ruwan, ta juya baya, ta ware tawul ɗin da hannu biyu iya faɗinsa, ta tsaya a haka.

Ina buɗe ƙofar kemis wayata ta yi ɓari. An saka hoton. Ba a ganin yarinyar, ba a ganin Koci, sai bayan Novlette da tawul.

Na farko ya rubuta: "Kai, matar nan ta yi ƙiba."